Odell Pettway da Hoton Surukinsa

Yayana Odell Pettway ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a unguwannin yammacin Birmingham, a jihar Alabama, kuma ban taɓa jin ranar da ya gama zagayensa a kan lokaci ba. Ba nauyin jaka ke hana shi ba, tsofaffi ne. Da ya hango wata tsohuwa a baranda, sai ya miƙa mata wasiƙarta, ya cire hula, ya ce, "Mama, a gidan nan akwai wanda ya taɓa buga besbol?" In aka ce akwai, to shi ke nan, sauran mutanen layin sai haƙuri. Za a jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado, a zuba masa shayi mai ƙanƙara, shi kuma ya baje yana jujjuya hotunan matattu kamar don wannan gwamnati ta ɗauke shi aiki.

Ni ce ƙanwarsa, Earlene, shekara shida ya ba ni. Ɗinki ne sana'ata, na fi shekara hamsin a kan keke, ina rage wanduna, ina gyara kwat ɗin masu zuwa coci. Besbol kuwa bai taɓa burge ni ba. Ƙatti tara tsaye a rana suna jiran ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya doka da kulki, ban ga abin ɗaga murya a ciki ba. Na sha faɗa wa Odell haka, shi kuma ya sha ce mini ƙwaƙwalwata ba ta wuce tsinin allura ba.

Hotunan da yake tarawa na 'yan wasan da ne, na zamanin da ba a barin baƙar fata ya buga fili ɗaya da farare. A lokacin kowace ma'aikatar ƙarfe da kowane ramin kwal a garin nan suna da ƙungiyarsu. Ranar Lahadi ana tashi daga coci sai fili, mata da manyan hulunansu, maza da laktaye. Waɗannan mutanen taurari ne a wurin iyayenmu, amma manyan jaridu ba su san da zamansu ba. Abin da ya rage nasu shi ne ɗan hoton da wani ya ɗauka a bakin fili, aka manna a bango har ya yi ja, aka cusa a kwali da mai shi ya mutu. Odell ya tara sama da dubu uku. Da ɗansa Lamar ya yi aure ya bar gida, ko sati ba a yi ba ɗakinsa ya koma na hotuna. Ba a shiga da abinci, ba a buɗe labule, ba a taɓa komai sai da farar safar hannu. Ni ko da safar ma an hana ni, wai hannuna akwai man keke.

Mutane sun ɗauka son wasa ne kawai. Mu na gida mun san fuska ɗaya tak yake nema.

Matarsa Ozella ba ta san kamannin mahaifinta ba. Sunansa Booker Crenshaw, amma duk wanda ya gan shi a fili Bahago yake ce masa, domin da hagu yake jifa, kuma tsofaffi sun ce ƙwallonsa sai ta zo gaban mai duka take lanƙwasa. Shi ne mai jifa na ƙungiyar wata ma'aikatar bututun ƙarfe. Ciwon huhu ya ɗauke shi a 1942, Ozella tana wata goma sha ɗaya a duniya. Hotonsa guda ɗaya ne a gidan, na ranar aure, shi ma gobara ta cinye shi tun Ozella ba ta yi wayo ba. Idan ta tambayi uwarta, sai ta ce, "Dogo ne, baƙi, mai dariya." Rabin mazan Alabama ke nan.

Ranar da aka binne uwar tata, a 1971, ina cikin motar da muka dawo daga maƙabarta. Ozella ta jingina kai da gilashi ta ce, "Yanzu a gidanmu babu sauran wanda ya san fuskar babana." Odell yana tuƙi, yana jin ta. Ranar Litinin ya fara tambayar tsofaffi a baranda.

Kafin a ce haka ya zama gwani, har daga jami'o'i ake kiransa a waya a tambaye shi wane ne wannan a hoto. Masu sayar da tsofaffin hotuna a kasuwar gwanjo suna da wata ɗabi'a: su juya bayan hoto su rubuta sunan wani shahararre da fensir, don farashi ya hau. Saboda haka Odell ba ya yarda da rubutu ko kaɗan. Kunne yake dubawa, wai mutum yana tsufa amma kunnensa ba ya canza fasali. Yana duba abin da ke bayan mutum, ya gane wane fili ne. Sannan yana duba hannu. Mai jifa da dama a hagu yake sa safar fata ta cafe ƙwallo, bahago kuma a dama. Shi da abokinsa Cleophus Tarver, mai shagon aski, su kan yi rabin wuni suna gardama a kan kunnen mutumin da ya mutu tun kafin a haife su, kwastoma yana zaune da rabin kai a aske.

An sha yaudararsa duk da haka. Akwai lokacin da ya tuƙa mota har Memphis, awa huɗu, saboda wani ya rantse masa yana da hoton Bahago Crenshaw. Ya dawo da shi a aljihun gaba, yana ta rawar jiki, Ozella ta rungume hoton ta yi kuka. Bayan wata biyu wata mata daga Tuscaloosa ta gani ta ce ai wannan kawunta ne, direban jirgin ƙasa, ko ƙwallo bai iya riƙewa ba, aron rigar ya yi. Ranar Ozella ta ajiye cokali a tsakiyar cin abinci ta ce, "Odell Pettway, kada ka ƙara kawo mini baban wata. In ba ka tabbata ba, ka bar shi a ɗakinka." Tun daga nan ya ƙara tsanani. Duk hoton da ya yi masa ɗan shakku sai ya jefa shi a wani kwali da yake kira kwalin baƙi, wato waɗanda ba a san ko su wane ne ba, ba ya ko nuna mata.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ya bar aiki, gashi ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara. Ozella ta daina tambaya, shi kuma bai daina nema ba. Ni dai ina ganin haushin kuɗin man da yake ƙonawa, amma in faɗi gaskiya, ina kuma ɗan kishi. Nawa mijin, Allah ya ji ƙansa, ko maɓallin rigarsa ne ya faɗi ƙarƙashin kujera ba zai sunkuya ya nema ba.

Sai ga maganar ido. Hawan jinin ido ne ya kama Ozella, ta yi ta ɓoyewa har na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na daman ma ya tsuke, ta ce ji take kamar tana leƙen duniya ta ramin makulli. A farkon bazarar 2019 likita ya gaya musu gaskiya: ɗigon magani yana rage gudun abin ne kawai, wataƙila shekara guda, wataƙila ba za a kai ba. Tana da shekara saba'in da takwas. Ita ta karɓi maganar da sauƙi, ta ce ta ga abin da ya ishe ta. Odell ne ya rushe. Ya daina zuwa shagon Cleophus, ya daina sauraron wasa a rediyo. Ko da zai samo hoton bayan shekara biyu, wa zai nuna wa?

Wata Asabar da safe ya kira ni a waya.

"Earlene, kina da aiki?"

"Ina da rigunan mawaƙan coci guda shida. Me ya faru?"

"Zo ki taya ni. Zan ba ɗakin karatu na gari hotunan nan. Hannuna rawa yake, ba na iya sa su a leda."

"Ni? Mai hannun man keke?"

"Ki zo dai, ki bar surutu."

Na same shi zaune a tsakiyar ɗakin, kwalaye sun kewaye shi. Ya miƙo mini farar safa ba tare da ya dube ni ba. Ozella tana baranda tana ɓarar wake a kwano, ba ta buƙatar ido don wannan. Muka fara aiki, shi yana faɗin suna da shekara, ni ina zurawa a leda ina rubutawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na jawo wani kwali daga ƙasan tebur.

"Bar wannan," in ji shi. "Baƙi ne. Tarkace."

To ni ba a ce mini bari in bari. Na buɗe ina dubawa. Can ƙasa na ci karo da wani ɗan hoto, bai fi tafin hannu ba. Wani dogon saurayi ne tsaye a fili, ƙwallo a hannun dama, safar fata a hagu, yana dariya har haƙoransa na ƙasa sun fito. Rigarsa fara ce fes, babu rubutu a ƙirji, hular ma haka. Fuskar ba ta tsayar da ni ba, ban san shi ba. Rigar ce ta tsone mini ido.

"Yaya, wane mugun tela ne ya ɗinka wa wannan bawan Allah rigar mata?"

"Wace irin rigar mata kuma? Rigar wasa ce."

"Rigar mata ce. Dubi maɓallan."

"Earlene, na kira ki ki sa hoto a leda, ban kira ki ki duba ɗinki ba."

Na juya bayan hoton. An rubuta da fensir, har ya kusa gogewa: B. Crenshaw, 1938. Na nuna masa.

"Wannan fa?"

Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. "Na sani. A kasuwar gwanjo ta Bessemer na saye shi, dala biyu, shekara goma sha tara ke nan. Ƙarya ce. Ba ki ga hannun ba? Da dama yake jifa. Mutumin da duk gari ke kira Bahago? Har Cleophus ya duba, ya yi dariya. Filin ma ba nasu ba ne."

"Kai da Cleophus kun taɓa ɗinka riga?"

"Me ya kawo wannan?"

"Dubi ta jikinka."

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa, yana ƙunƙuni. Na ce, "Rigar namiji, ɓarin hagu ne ke hawa kan na dama. Ta mace, dama ke hawa kan hagu. Tun kafin a haifi kakanmu haka ake yi, kuma ba a taɓa yin ma'aikatar da za ta raba wa ƙattinta rigunan mata su shiga fili ba. Ga bel ɗinsa ma, wutsiyar ta nufi inda bai kamata ba. Ko dai mutumin nan komai nasa a juye yake, ko kuma hoton ne a juye."

Odell ya karɓi hoton a hankali, ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma, ya daɗe a sunkuye. Ya san ana yin haka. Mai wankin hoto kan kife fim ɗin bisa kuskure, sai dama ta koma hagu. Ya sha kama irinsu, amma kullum rubutun ƙirji ne ke tona asiri, domin harufan kan fito a baibai. Wannan rigar ba ta da ko harafi ɗaya. Shi da abokinsa sun ga hannu, sun yanke hukunci, ba wanda ya dubi maɓalli, don a ganinsu maɓalli ba besbol ba ne.

Ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya buɗe wani kwali, ya buɗe wani, ya zaro babban hoton filin ma'aikatar bututun. A cikinsa tankin ruwa yana hagu, dogon bututun hayaƙi yana dama. A ɗan ƙaramin hoton, bayan kafaɗar saurayin, tanki yana dama, bututun hayaƙi yana hagu.

"Kina da madubi?" in ji shi.

Na zaro na hoda daga jakata. Ya kara hoton a gabansa. A cikin madubin tanki ya koma hagu, ɓarin riga ya hau daidai, ƙwallo kuma ga ta a hannun hagu.

Yayana ya koma kan kujera ya zauna daɓas. Na ɗauka murna zai yi. Sai na ga ya dafe kai da hannu biyu.

"Shekara goma sha tara, Earlene. Yana nan ƙarƙashin teburin nan. Lokacin idonta biyu garau. Da ta gan shi da kyau, da ta nuna wa Lamar tun yana kawo yara hutu. Ni na hana ta. Ni da iyawata."

Tausayinsa ya kama ni, amma na san halinsa, in aka lallashe shi sai ya kwana uku a nan. Na ce, "To gwani, ka gama? Matar tana waje, idon da ya rage mata yana aiki yau. Ko sai ka ƙara shekara goma sha tara kana makoki?"

"Bari in kai shagon hoto ranar Litinin, su juya shi, su ƙara masa girma. Kuma in kira Cleophus ya..."

"Cleophus ya ci gidansu. Tashi."

Muka fito baranda, shi a gaba da hoto, ni a baya da madubi. Ozella ta ji takunmu, ta ɗago kai ba ta daina ɓarar wake ba.

"Har kun gama faɗan? Tun daga nan nake jiyo ku."

"Zella," in ji Odell. Ya tsaya. Mutumin da ke iya yin awa biyu yana bayanin kunne, yau kalma ta gagare shi.

Ta ajiye kwanon a ƙasa. Shekara hamsin da biyar suna tare, ta san abin da wannan shirun ke nufi. "Odell Pettway, na gaya maka."

"Na sani. Wannan karon na tabbata."

"Ka tabbata a Memphis ma."

"A Memphis ni na duba. Wannan Earlene ce."

"Earlene?" Ta juyo da ɗayan idon tana nemana. "Ke da ba ki san inda ake tsayawa a fili ba?"

"Ban san fili ba, Zella, amma na san riga," na ce. Na durƙusa kusa da ita na yi mata bayani a taƙaice, maɓalli da bel da tankin ruwa, da sunan da ke baya. Ta saurara har ƙarshe, ta goge hannuwanta a jikin siket ɗinta sau biyu.

"Tun yaushe yake gidan nan?"

Odell ya faɗa mata, bai rage ko shekara ɗaya ba.

"A ina?"

"A kwali. Ƙarƙashin tebur."

"Ni nake share ƙarƙashin teburin nan duk Juma'a," ta ce. Ta girgiza kai, sai kuma dariya ta kuɓuce mata, gajeriya. "Ina ta ture babana da tsintsiya. Za mu yi wannan maganar daga baya, tsoho. Kawo shi."

Muka juya kujerarta ta ba rana baya. Na ba ta gilashin ƙara girma, na riƙe hoton, Odell ya riƙe madubi. Ba ta iya ganin fuskar gaba ɗaya a lokaci guda, sai kaɗan kaɗan. Ta fara daga hula, ta gangaro goshi, tana motsa kai a hankali kamar mai zura zare a allura. Ta tsaya a idanu, ta daɗe. Ta sauko kan hanci, ta zo baki.

"Dariya yake yi," ta ce.

"Dariya yake," in ji Odell.

"Wayyo Allah. Ashe yaro ne." Hawaye ya zubo mata, har ta idon da ya mutu. "Duk rayuwata tsoho nake ganinsa a raina, da furfura da sanda. Wannan ai jikana ya girme shi. Shekararsa nawa a nan?"

"Ashirin da uku."

"Ashirin da uku," ta maimaita. "Sannu, Baba. Ni ce Ozella."

Ni da nake taƙama ba na kuka a gaban mutane, sai da na juya fuska wajen titi. Odell ya fara gajiya da riƙon madubin, na sa ɗaya hannuna na tallafe masa gwiwar hannu. Ya ce mata ta huta haka, ranar Litinin za a yi mata babba wanda zai cika bango, ta gani ba wahala.

"A yi babban," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma yanzu kada wanda ya motsa. Haddace shi nake yi. In idon ya rufe, ya rufe da shi a ciki."

Ta goge idon da bayan hannu, ta gyara riƙon gilashin, ta koma kan hular ta sake farawa daga sama. Muka tsaya mata.